Jar Fitila a Ƙarƙashin Hular Bobbo

Ina yi muku sallama, ku da kuka daɗe kuna bin labarina, da ku da yau ne kuka fara cin karo da shi. Sunana Munawwara, ina zaune a unguwar Hausari cikin garin Potiskum. Wasu daga cikinku sun rubuto mini cewa in daina ja wa bawan Allah rai, in ba na son sa in sallame shi ya nemi wata. Na karanta, kuma ban ji haushi ba. Abin da nake roƙo shi ne ku saurare ni zuwa ƙarshe, sa'an nan ku yanke hukuncin da kuka ga dama.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. Mahaifina Muhammadu Lawan, wanda kowa yake kira Bobbo, Bafulatani ne da ya bar daji ya zauna a gari, ya yi shekaru yana dillancin shanu a Kasuwar Shanu. Bara da damina hawan jini ya kayar da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, hannun hagu kaɗai yake iya ɗagawa. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, domin kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. Lokacin da yake da lafiya, idan yana son ruwa sai ya dubi bango ya tambaya ko babu kowa ne a gidan nan. Idan ƙanena Nuraddeen yana kusa, sai ya ce masa, "Faɗa wa Addarka," wato ni, yayarsa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Haka na taso na tarar, kamar yadda na tarar da rijiyar tsakar gida.

Mahaifiyarmu ta rasu da daɗewa. Yayarta, Ya Kaka, ita ta zo ta riƙe mu, kuma har yau tana nan da bakinta. Nuraddeen yana bin tirela da shanu zuwa kudu, sai ya yi makonni ba mu gan shi ba. Saboda haka juya Bobbo a kan gado, da ba shi kunu, da wanke masa hannu, duk a wuyana suke.

Sai kuma Bilyamin, mutumin Nangere, wanda yake aiki a wani shagon gyaran wayoyi a Jidda. Shi ne yake nemana da aure. Idan na aure shi, can zan bi shi. Yakan kira ni ta bidiyo bayan la'asar ɗinmu, lokacin da su suka idar da magariba. Ɗakina a ƙuryar gida yake, sabis ba ya shiga ko kaɗan, kuma ba zai yiwu in tsaya a tsakar gida ina hira da saurayi a kunnen mahaifina ba. Shi ya sa Nuraddeen ya sayo mana rauta, wato na'urar raba intanet, mai layi a ciki, ya kafa mata eriya a kan dogon ƙarfe, domin mu sami waifai a cikin ɗakuna.

Kafin lokacin kiran nakan yi wanka, in ɗaura atamfata mai ruwan ganye, in ja kwalli, in yafa farin mayafi. Har turaren wuta nake sawa. Ya Kaka takan leƙo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, ta ce ita dai a iya saninta hayaƙi ba ya bin waya, amma tun da zamani ya zo da abubuwa, in tambayi mutumin ko ya ji ƙamshi.

To, daga nan matsalar ta fara. Da mun gaisa, mun soma magana, sai fuskarsa ta tsaya cik, bakinsa a buɗe, muryarsa ta kakkarye kamar ana taka busasshen kara. Sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar allon, daga nan kiran ya mutu.

Da farko laifin Ya Kaka ne, wannan kam babu musu. Ranar da aka kawo rautar ta ga fitilunta suna ƙyalli, sai ta yanke cewa abu mai daraja haka ba ya zama a fili. Ta buɗe kabet ɗin da jeren mahaifiyata yake ciki, ta zaunar da ita a tsakanin samiru da fantekoki, ta rufa mata saƙaƙƙen ƙyalle, ta mayar da ƙofar gilashi. Da na aika wa Bilyamin hoton wurin, ya yi dariya har ya rubuto cewa mun ɗauko mai shela mun kulle shi a cikin tukunya. Ya ce ƙarfe yana tare saƙon, in fito da ita in rataye a sama, a inda babu abin da ya kewaye ta. Na buga ƙusa a baranda, daidai gefen ƙofar Bobbo, na rataye ta. Ya Kaka ta yi kwana da kwanaki tana mita. Ta ce uwata ta yi aure ba tare da akwati mai ƙaho ba, ubana sau ɗaya ya hango ta a gidan biki, bai ma kalle ta da kyau ba, ga mu nan an haife mu.

Bayan haka waifai ɗin ya gyaru da safe, ya gyaru da rana. Ina iya sauraren karatu, ina iya aika hotuna. Amma da la'asar ta yi, Bilyamin ya kira, sai abin ya dawo.

Ya sa na sauke wata manhaja da take nuna duk waifai ɗin da yake kewaye da gida. Da na buɗe sai na ga wasu tuddai masu launi sun hau kan juna, kowanne da sunansa. Akwai na gidan Alhaji Bubayaro da muke haɗa katanga, akwai na mai kemis ɗin bakin titi, akwai wani da mai shi ya sa masa suna Kada Ka Roƙe Ni. Bilyamin ya bayyana mini cewa rauta ƙaramar tashar rediyo ce, kuma tashoshin da ake rabawa ba su da yawa. Idan maƙwabta suka taru a tasha ɗaya, sai ya zama kamar mata a ɗakin amarya, kowa tana magana, babu mai jin wata. Tamu tana kan tasha ta shida, ita da ta Alhaji Bubayaro da ta mai kemis.

Ya koya mini yadda zan shiga cikin rautar da lambobin da aka rubuta a bayanta. Na mayar da ita tasha ta ɗaya. Ranar muka yi magana ta ɗan lokaci, har na fara murna, sai fuskarsa ta sake tsayawa. Washegari na kai ta tasha ta goma sha ɗaya, inda babu tudun kowa sai namu. Nan ma bai hana ba. Ya tambaye ni ko muna da injin ɗumama abinci, na ce ba mu da shi. Ya tambaya ko inbatar sola tana kusa da rautar, na ce tana can zaure. Ya ce in duba ko akwai wanda ya saci lambar sirrinmu, na canza lambar. Duk abin da ya ce na yi.

Daga nan sai maganarsa ta fara canzawa. Wata rana bayan kiran ya mutu, saƙonsa ya shigo.

"Kin lura kuwa? Da na kawo maganar sa rana, sai layi ya ɗauke."

Na rubuta masa, "Wallahi ba ni ba ce."

"Ban ce ke ce ba. Cewa na yi ko kin lura."

Na daɗe ina kallon wannan saƙon. Mutum ne mai haƙuri, amma yana gyaran wayoyi, ya san cewa na'ura ba ta da zuciyar da za ta zaɓi lokacin da za ta lalace. Ga shi hutunsa ya matso, ga kawunsa Malam Mahdi yana jira a Nangere a ce masa ya zo a tsayar da rana. Ga Ya Kaka a nan tana ce mini sa'o'ina duk suna goyon na uku, kuma mai nema daga nesa ba ya daɗewa a tsaye. Ga Nuraddeen, wanda idan ya kira daga hanya ba ya cewa kada in yi aure, sai dai ya ce, "Adda, shi ke nan sai mu nemo wanda zai riƙa juya shi."

Yanzu bari in faɗa muku abin da nake yi duk lokacin da kiran ya mutu, domin a nan maganar take. Bilyamin ya koya mini cewa in kashe rautar, in jira kaɗan, in kunna. Saboda haka sai in fito daga ɗakina da kwalliyata, in je gefen ƙofar Bobbo in zare wayar wuta in mayar. Fitilun suna ɗaukar lokaci kafin su dawo. Tun da ga ni a bakin ƙofarsa, ba zai kyautu in tsaya kamar baƙuwa ba, sai in yi sallama in shiga. In gyara masa matashi, in ba shi ruwa, in zauna a kan tabarma ina ba bango labari, shi ma yana sauraro yana kallon rufi. In ce an ce shanu sun yi tsada a kasuwar Laraba, an ce wane ya aurar da 'yarsa. Wani lokaci har a kira magariba ina nan. Kafin in koma ɗaki, Bilyamin ya koma bakin aikinsa.

Ranar da na gano, ba nema nake yi ba. Na shiga kamar kullum, na sunkuya zan ɗauki kofi a kan ɗan teburin da yake gefen hagunsa, sai na ga wani jan haske yana fitowa ta ramukan ɗinkin hularsa. Na ɗaga hular. A ƙarƙashinta akwai wata na'ura da har na manta da ita.

Nuraddeen ne ya sayo ta a Legas lokacin da aka sallamo Bobbo daga asibiti. Irin wadda ake ajiyewa kusa da jarirai ce, mai ido da kunne. Kashi biyu ce: ɗaya a gefen majiyyaci, ɗaya mai ɗan allo a hannun mai jinya, domin a gan shi a ji shi daga wani ɗaki. Bobbo ya ƙi ta tun ranar farko. Mutumin da ko nishi ba ya yarda a ji ya yi, yaya za a sa masa ido a ka? Da ƙyar Nuraddeen ya lallashe shi cewa za a bar ta a kashe, shi da kansa zai danna idan yana da buƙata. Duk da haka ya kifa mata hula. Ɗaya kashin kuwa ba a kai ɗakina ba, saboda kunyar da take tsakaninmu, sai aka ba Ya Kaka. Ita kuma ta ce Allah ya kiyaye ta zauna tana kallon mijin ƙanwarta a kwance. Ta sa wa abin suna Magulmaciya, ta jefa shi a cikin wata samira ta rufe.

Na ɗauka hannunsa ne ya taɓa ta bisa kuskure, sai na danna na kashe. Ban kai ga mayar da hular ba, wayata ta fara ƙara, saƙonnin Bilyamin suna shigowa a jere. Na tsaya. Na sake kunna na'urar, na gwada buɗe wani bidiyo, zoben nan ya fara juyawa. Na kashe, bidiyon ya tafi sumul. Duk wannan abin da nake yi, Bobbo ya juya fuskarsa bango, idonsa a rufe, kamar mai barci.

Na rubuta wa Bilyamin cewa na sami wata na'urar jinya a gidan, na aika masa hotonta. Nan da nan ya amsa da murna. Ya ce ita ce. Ya ce irin waɗannan tsofaffin na'urori a hanya ɗaya suke tafiya da waifai, amma su ba sa jiran layi, ihu kawai suke yi a kan kowa, kuma ba sa fitowa a manhajar nan domin su ba waifai ba ne. Shi ya sa duk tashar da na koma suka bi ni. Ya nemi gafarata a kan zargin da ya yi. Sa'an nan ya tambaya, "To wa yake kunna ta daidai lokacin kiranmu?"

Na ce masa wataƙila maɓallin ne ya saki.

Washegari na buɗe kabet na ɗauko Magulmaciya daga cikin samira, na yi mata caji, na ajiye ta a kan gadona. Da la'asar ta yi na turo ƙofa, na bar ta a ɗan buɗe kamar yadda na saba. Ban kira kowa ba. Na ɗaga murya na yi sallama, na yi 'yar dariyar da nake yi idan na ga fuskar Bilyamin. Sa'an nan na yi shiru ina kallon ɗan allon.

Ba a jima ba ya kawo haske. Babu hoto sai duhun cikin hula, da ɗigo-ɗigon haske ta ramukan zare. Amma akwai sauti. Na ji numfashin mahaifina, mai nauyi, irin na wanda ya yi aikin ƙarfi. Na ji hannunsa yana komawa kan katifa a hankali. Daga nan ya yi tsit, yana jiran ƙarar takalmina.

Ku da kuke karatu, ban san yadda ya gano ba. Ina jin wata rana ya danna ne domin wata buƙata, Ya Kaka ba ta ji ba, sai ga ni na fito ina gunagunin waifai, na shigo na zauna. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karanta halin saniya daga yadda take kaɗa kunne, wannan ba zai yi masa wuyar haɗawa ba. Bai san tasha ta shida ba, bai san ta goma sha ɗaya ba. Abin da ya sani shi ne, idan ya danna nan, muryar da take son ɗauke ni takan yi shiru, ni kuma in zo.

Na tashi na je. Na zare wayar rautar na mayar, na shiga na ba bango labari har magariba.

Bilyamin ya kawo magani iri biyu. Na farko, in cire na'urar daga wuta gaba ɗaya. Na ce ba zan iya raba majiyyaci da abin kiransa ba, ya ce gaskiya ne. Na biyu, ya ce rautarmu tana da hanya biyu. Akwai ta ƙasa, mai lamba biyu da ɗigo huɗu, wadda kowa yake bi, har da na'urar. Akwai ta sama, mai lamba biyar, wadda ba ta tafiya nesa kuma ba ta ratsa bango sosai, amma babu abin da yake damun ta. Ya ce in kunna ta, in haɗa wayata da ita, in kuma matso da rautar zuwa bakin ƙofata. Sa'an nan ya rubuta, "Ranar Juma'a zan kira. Ba na son amsa a rubuce. Ina so in ga fuskarki ki ce mini in turo Kawu Mahdi, ko kada in turo."

Ranar Alhamis na cire ƙusar daga gefen ƙofar Bobbo. Ina jan wayar eriya a bango, ina jin idonsa a bayana ta labule. Ya Kaka tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce akwatin nan ya fi amarya yawan ƙaura.

Juma'a ta zo. Na yi wanka, na ɗaura atamfar, na ja kwalli. Turaren ne kawai na kasa sawa. Magulmaciya tana kan matashi, a bayan wayar da na jingina, inda Bilyamin ba zai gan ta ba.

Ya kira. Ban taɓa ganin fuskarsa tar haka ba, har zufar da take goshinsa ina gani, da wani ɗan tabo a gemunsa da ban san da shi ba. Muryarsa ta fito kamar yana zaune a bakin gadon. Ya yi hamdala, ya ce yau dai mun yi nasara. Ya tambayi jikin Bobbo, na ce da sauƙi. Ya gyara zama ya fara maganar da ya daɗe yana son ya gama.

Sai ɗan allon ya kawo haske.

Kiran bai motsa ba. Bilyamin ya ci gaba da magana a kan ɗakin da ya kama, da takardun tafiya, da yadda zai riƙa kawo ni gida duk shekara. Ɗan allon Magulmaciya ya mutu. Ya sake kawowa. Ya mutu, ya kawo. Kowane dannawa na san abin da yake ci a jikin Bobbo, domin ni nake ɗaga hannun idan zan wanke shi. Daga baya ya bar shi a kunne. Na ji numfashinsa. Na ji hular ta zame ta faɗi ƙasa, hoton ya buɗe, ga rufin ɗakinsa, ga gefen fuskarsa da ya karkace.

Bakinsa ya yi ta motsi kafin sautin ya fito. Na rage ƙarar tun farko, saboda haka a hankali ya zo, a karye, harafi yana jan harafi.

"Mu… naw… wara."

Ban taɓa jin yadda sunana yake a bakinsa ba sai ranar.

A daidai lokacin Bilyamin ya kai ƙarshen maganarsa. Ya ce, "To, ranki ya daɗe, ga ni ga ki, babu abin da ya tsaya a tsakani. In turo Kawu?"

Ban san lokacin da na yanke shawarar abin da na yi ba. Na tsayar da fuskata yadda take. Na riƙe numfashi, na kafe idona a wuri ɗaya, na bar leɓena a ɗan buɗe, kamar yadda na sha ganin tasa fuskar idan layi ya ɗauke. Na ji ya yi tsaki a hankali, ya ce hoton ya sake tsayawa. Ya matso da fuskarsa kusa da allon yana duba alamar sabis ɗinsa. Ya kira sunana sau ɗaya. Daga bayan wayar, mahaifina ma ya sake kira.

Da na iya riƙewa kaɗan, da Bilyamin ya kashe kiran da kansa, da na sami wani mako. Amma idon da ba a ƙifta ba yakan kawo ruwa, balle wanda yake da dalili. Na ji ɗumin abin ya taru, ya gangaro ta gefen hancina, ya ja kwallin da na sa domin shi.

Bilyamin ya daina taɓa wayarsa. Ya koma ya jingina, ya dube ni na tsawon lokaci. Da ya yi magana, babu faɗa a muryarsa, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

"Munawwara," ya ce, "hoton da ya tsaya ba ya hawaye. Wa yake kiran ki?"